Saƙonnin Ƙwaƙwalwa da Motsin Tumbi: Abin da Gwaji a kan Ɓera Ya Nuna da Amfaninsa ga Bincike a Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda wasu homon da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa suke hanzarta motsin tumbi ko dakatar da shi, bisa gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye tun daga 1980. Ta tsaya a kan sinadarai uku, wato TRH da CRF da oksitosin, da kuma jijiyar bagus wadda ke kai saƙonsu ga tumbi. Hujjar maƙalar ita ce, tumbin da babu gyambo a jikinsa yana iya daina aiki yadda ya kamata idan umarnin da ke zuwa masa daga sama ya rikice. Daga nan ta nuna abin da wannan ke nufi ga masu zuwa asibiti da kukan olsa daga Sabon Tasha har Kafanchan, ta kuma kawo shawarar wani gwaji mai sauƙin kuɗi a kan cittar da ake nomawa a yankin.

Gabatarwa

Duk ma'aikacin lafiyar da ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya ko a kemis a Sabon Tasha ya san wannan kuka: abinci ya tsaya a ƙirji, ciki ya kumbura, loma kaɗan ta ƙosar da mutum, ga gyatsa ga tashin zuciya. Kafin a tambaye shi, mai ciwon ya riga ya raɗa wa ciwon suna, ya ce olsa ce. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka danganta da gyambon ciki har suka sami kyautar Nobel a 2005, ta yaɗu ƙwarai a arewacin Nijeriya. Amma da yawa daga cikin masu wannan kuka, idan aka zura musu na'urar leƙa ciki, ba a ganin gyambo. Ƙa'idojin Roma na huɗu na tantance cututtukan ciki, waɗanda aka fitar a 2016, sun sanya irin wannan larura cikin rukunin cututtukan da ke tasowa daga taɓarɓarewar hulɗa tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji.

Alaƙar zuciya da ciki ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe, shi ya sa wanda ya firgita ake cewa cikinsa ya ɗuri ruwa. Likitoci ma sun daɗe da lura da ita. William Beaumont, likitan sojan Amurka, ya shafe shekaru yana leƙa tumbin Alexis St. Martin ta ramin da harbin bindiga ya bar masa a 1822, kuma ya rubuta a 1833 cewa fushi da fargaba suna sauya aikin tumbi. A ƙarshen shekarun 1890 Walter Cannon, yana ɗalibi a Harvard, ya ciyar da kyanwa abinci mai sinadarin bismut, ya kalli tumbinta da hoton ƙashi, ya ga motsin yana tsayawa cak da zarar ta fusata. A 1936 Hans Selye ya nuna cewa ɓeran da aka gallaza wa yana samun gyambo a tumbi. Dukansu sun ga abin yana faruwa. Abin da ya rage shi ne a gano sinadaran da ke ɗauke da saƙon da kuma hanyar da suke bi.

Hanyar da umarni ke bi

Tumbi yana da nasa tsarin motsi. Wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin bangonsa, waɗanda aka sa wa sunan masanin Sifaniya Ramón y Cajal, suna samar da bugun lantarki a kai a kai, kusan sau 3 a minti ɗaya a jikin mutum, a ɓera kuma ya ɗan fi haka sauri. Wannan bugu shi ke tsara lokacin matsawa. Ƙarfin matsawar kuwa, da buɗewar saman tumbi don ya karɓi abinci, da saurin tura abin da aka niƙa zuwa ƙaramin hanji, duk sun dogara ƙwarai da jijiyar bagus.

Kusan kashi 80 cikin 100 na zaren wannan jijiya rahoto suke kaiwa sama, daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa. Rahoton yana sauka a wata cibiya a gindin ƙwaƙwalwa da masana ke taƙaita sunanta da NTS. Maƙwabciyarta, wadda ake kira DMV, ita ce ke mayar da umarni zuwa tumbi, kuma umarnin iri biyu ne. Ɗaya yana bi ta sinadarin asetilkolin ya sa tsokar tumbi ta matsa. Ɗayan yana bi ta iskar naitirik oksaid da wani sinadari mai suna VIP ya sa tsokar ta saki. Saboda haka ƙwaƙwalwa tana iya rage motsin tumbi ta hanya biyu: ta janye umarnin matsawa, ko ta ƙara umarnin saki. Homon ɗin da za a tattauna a ƙasa duk a kan waɗannan cibiyoyi biyu suke yin tasirinsu, ko kai tsaye ko ta hanyar haifotalamas da ke aiko musu da zare daga sama.

TRH: mai hanzartawa

Ƙungiyoyin Roger Guillemin da Andrew Schally ne suka gano tsarin TRH a 1969, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1977. Ƙaramin sinadari ne mai amino asid 3 kacal, kuma an san shi da tayar da fitutari don ta zaburar da maƙoƙon wuya. A 1980 Yvette Taché tare da Wylie Vale da Marvin Brown suka wallafa a mujallar Nature cewa idan aka zuba TRH cikin ruwan ƙwaƙwalwar ɓera, tumbinsa yana ƙara fitar da asid. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yana ƙara ƙarfin matsawa da saurin fitar da abinci.

Abin lura shi ne yadda aka tabbatar da hanyar. Idan aka yanke jijiyar bagus, tasirin yana ɓacewa. Idan aka ba ɓeran atirofin, wanda ke toshe makarɓar asetilkolin, nan ma yana ɓacewa. Idan kuma aka ɗiga TRH ɗan ƙanƙani kai tsaye a cikin DMV, tumbi yana amsawa nan take. Wannan ya nuna aikin bai bi ta maƙoƙon wuya ba. Daga baya aka gano cewa TRH ɗin da ke isa DMV yana fitowa ne daga wasu cibiyoyi da ke tsakiyar gindin ƙwaƙwalwa, waɗanda sanyi ke tayarwa. Ɓeran da aka ɗaure aka ajiye a ɗaki mai sanyin digiri 4 na 'yan sa'o'i yana samun matsawar tumbi mai tsanani da gyambo, kuma idan aka riga aka kashe ƙarfin TRH a ƙwaƙwalwarsa, ɓarnar tana raguwa. Ke nan motsin da ya wuce kima ma cuta ne ga tumbi.

CRF: mai dakatarwa

A 1981 Wylie Vale da abokan aikinsa a Cibiyar Salk ta Kalifoniya suka ciro CRF daga haifotalamas na tumaki, sinadari mai amino asid 41. Shi ne mafarin jerin saƙonnin damuwa: yana tayar da fitutari, ita kuma ta tayar da adirinal da ke saman ƙoda. A cikin shekarun 1980 aka nuna cewa zuba CRF a ƙwaƙwalwar ɓera yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma hanzarta motsin babban hanji har dabbar ta yawaita kashi. Wannan shi ne daidai abin da ake gani a jikin ɓeran da aka tsare a cikin matsattsen bututu, kuma idan aka fara ba shi maganin da ke toshe makarɓar CRF, tsarewar ba ta hana tumbinsa aiki.

Abubuwa biyu sun ƙara fito da lamarin fili. Na farko, cire fitutari ko adirinal bai hana CRF dakatar da tumbi ba, wanda ke nufin saƙon yana bi ta jijiyoyi ne, ba sai ya jira homon ɗin da ke yawo a jini ba. Na biyu, makarɓar CRF iri biyu ce. A ɓera, nau'i na biyu ne ya fi hannu wajen jinkirta tumbi, na farko kuma wajen zaburar da babban hanji. Wannan ya bayyana yadda ɗalibi a safiyar jarrabawa zai kasa cin abinci, amma ya yi ta zarya bayan gida. An kuma gano cewa tsayawar tumbi bayan an yi wa ɓera tiyata a ciki tana da nasaba da CRF, abin da ya shafi duk ma'aikaciyar jinyar da ke jiran majinyaci ya saki iska kafin a ba shi abinci.

Oksitosin da sabawa da damuwa

Ungozoma ta san oksitosin a matsayin allurar naƙuda. Vincent du Vigneaud ya harhaɗa shi a ɗakin gwaji a 1953. Amma wasu ƙwayoyin haifotalamas suna aika shi kai tsaye zuwa gindin ƙwaƙwalwa, kuma Richard Rogers da Gerlinda Hermann sun nuna a 1987 cewa ɗiga shi a DMV yana rage motsin tumbin ɓera. Da a nan aka tsaya, da sai a lissafa shi cikin masu dakatarwa.

Aikin ƙungiyar Toku Takahashi a Milwaukee, wajen 2010, ya nuna wata fuska. Ɓeran da aka tsare a bututu rana ɗaya tumbinsa yana jinkiri. Idan aka maimaita irin wannan tsarewa kwana 5 a jere, sai tumbin ya koma aiki daidai, domin dabbar ta saba. A ƙwaƙwalwarta an sami ƙaruwar oksitosin da raguwar CRF, kuma da aka toshe makarɓar oksitosin sai jinkirin ya dawo. Idan kuwa kowace rana aka sauya nau'in wahalar, yau tsarewa, gobe sanyi, jibi ninƙaya, ɓeran ba ya sabawa, tumbinsa kuma ba ya farfaɗowa. Sun kuma ba da rahoton cewa ajiye irin wannan ɓera tare da ɗan'uwansa a keji ɗaya yana ƙara oksitosin ya rage matsalar.

A ganina wannan ne binciken da ya fi kusa da halin da mutanenmu ke ciki. Damuwar da ta fi cutar da tumbi a gwajin ita ce wadda ba a san ta inda za ta ɓullo ba. Al'ummomin kudancin Kaduna sun sha fama da hare-hare da raba mutane da gidajensu, sannan a daminar 2023 annobar ruɓewar citta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu. Gwajin ɓera bai isa ya zama hujjar cewa waɗannan abubuwa sun haddasa ciwon ciki a tsakanin jama'a. Abin da yake bayarwa shi ne dalili mai ƙarfi na auna hakan.

Saƙonnin da ke tasowa daga ciki

Ƙwaƙwalwa ba ta yanke hukunci sai da rahoto. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano girelin a tumbin ɓera, sinadari mai amino asid 28 da ke ƙaruwa a jini idan an daɗe ba a ci ba. Yana ƙara motsin tumbi ta hanyar jijiyar bagus, kuma yana da hannu a matsawar da tumbi ke yi idan babu komai a cikinsa, wato kukan cikin da mai azumi ya sani. A ɗaya ɓangaren, idan maiƙo ya isa farkon ƙaramin hanji, ana sakin CCK, wanda ke aika saƙo sama cewa a rage turowa. GLP-1 ma haka yake yi, kuma hanji da NTS duka suna samar da shi. Magungunan ciwon suga da rage ƙiba irin su semaglutide kwaikwayonsa suke yi, shi ya sa masu amfani da su ke kukan saurin ƙoshi da tashin zuciya.

Iyakar gwajin ɓera

Wajibi ne a faɗi inda ɓera ya bambanta da mutum. Tumbinsa kashi biyu ne, na gaba ba ya fitar da asid. Ba shi da mafitsarar ɗaci. Ba ya amai, don haka masu bincike kan auna tashin zuciyarsa ne da yawan farar ƙasar da yake ci. Ba shi da motilin mai aiki, alhali a jikin mutum wannan homon ne ke jagorantar matsawar tumbi tsakanin abinci da abinci, kuma makarɓarsa ce maganin eritiromaisin ke taɓawa idan aka ba mai jinkirin tumbi. Da yawa daga cikin tsofaffin gwaje-gwajen an yi su ne a kan mazan ɓeraye, wasu kuma a ƙarƙashin maganin barci, wanda shi kansa yana sauya motsin ciki.

Akwai darasi a tarihin magungunan da ke toshe makarɓar CRF ta farko. Sun yi aiki sosai a ɓera, amma da aka gwada ɗaya daga cikinsu, mai suna pexacerfont, a kan mata masu larurar babban hanji mai haɗe da gudawa, sakamakon da aka wallafa a 2009 bai nuna wani amfani na a zo a gani ba. Ɓera yana nuna hanyar da saƙo ke bi, amma tabbatar da magani sai a jikin mutum.

Shawarar bincike a kan citta

Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma buhunanta da ke fitowa daga Kachia da Kwoi da Kafanchan suna cike kasuwanni har ƙasashen waje. Mutane suna shan ta a shayi da kunu da zoɓo don kumburin ciki. Akwai shaidar kimiyya a bayan wannan al'ada. A Indiya, a 1998, Sharma da Gupta sun nuna cewa citta tana warware jinkirin tumbin da maganin cutar daji sisfilatin ke jawo wa ɓera. A Taiwan, a 2008, an ba mutane 24 masu lafiya giram 1.2 na citta kafin su sha miya, sai lokacin da rabin miyar ke ɗauka kafin ya bar tumbi ya sauko daga kusan minti 27 zuwa kusan minti 13. Da aka maimaita a 2011 a kan masu ciwon ciki marar gyambo, tumbin ya yi sauri, amma kukan majinyatan bai ragu ba. Gwajin ɗakin bincike ya kuma nuna cewa sinadaran jinjarol da shogawol na citta suna rage aikin wata makarɓar serotonin da ke da hannu a tashin zuciya.

Tambayar da nake ba da shawarar a bi ita ce: shin citta tana iya warware jinkirin tumbin da damuwa ke haifarwa, kuma a ina take aiki, a bangon tumbi ko a kan hanyar bagus? Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashen nazarin aikin jiki na Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna ba. Ana ba ɓeran Wistar da ya kwana bai ci ba wani ruwa mai kauri da aka rina da jan fenol, bayan minti 20 a cire tumbin a auna launin da ya rage da na'urar auna haske. Za a kasa ɓerayen rukuni-rukuni: waɗanda ba a taɓa ba, waɗanda aka tsare sau ɗaya, waɗanda aka maimaita wa tsarewa iri ɗaya, da waɗanda aka riƙa sauya wa wahala. A kowane rukuni wasu su sami citta, wasu ruwa zalla, wasu metokulofiramaid don kwatance. Idan atirofin ya kashe tasirin cittar, asetilkolin na da hannu. Idan tasirin ya tsira bayan an yanke bagus, a tumbi take aiki.

Abu biyu ne za su sa wannan aiki ya zama namu. Manoman yankin suna da iri biyu da suka sani da suna, Tafin Giwa da Yatsun Biri, kuma yajinsu ba ɗaya ba ne. Sannan yawancin cittar ana tsaga ta a shanya, busarwa kuwa tana mayar da wani kaso na jinjarol zuwa shogawol. Ya kamata a gwada irin biyu, ɗanye da busasshe, a maza da matan ɓeraye. Tunda hanyar jan fenol tana buƙatar a kashe dabbar, dole aikin ya bi ta kwamitin ɗa'a, ya kuma kiyaye ƙa'idojin da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 na rage yawan dabbobi da sauƙaƙa musu wahala da neman madadinsu inda ya yiwu.

A gefen mutane, babban asibiti da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma a Kafanchan wurare ne da suka dace da bincike na tambayoyi: cikin masu kukan olsa, nawa ne gwaji ya nuna suna da ƙwayar cutar, nawa ne ke da ciwon suga wanda kan lalata jijiyoyin tumbi, nawa ne ciwon ya fara musu bayan wata masifa.

Kammalawa

Gwaje-gwajen da aka bibiya sun nuna cewa a ɓera TRH yana hanzarta tumbi, CRF yana dakatar da shi a lokacin firgici, oksitosin kuma yana rage ƙarfin CRF idan dabbar ta saba da abin da ke damunta ko ta sami abokin zama. Hanyar da ta haɗa su ita ce cibiyoyin NTS da DMV da jijiyar bagus. Ga likita da ma'aikacin jinya, amfanin wannan ilimi na yanzu shi ne a faɗaɗa tambaya. Bayan an bincika alamomin haɗari kamar aman jini da baƙin kashi da ramewa, an kuma gwada ƙwayar cutar, a tambayi majinyaci barcinsa da abin da ya same shi a watannin baya kafin a sake rubuta masa omefirazol karo na uku. Ga masu bincike kuma, gwajin citta da aka tsara a sama ɗalibin digiri na biyu zai iya kammala shi, kuma ko wane sakamako ya fito, manomi da majinyaci a yankin suna da ruwa da tsaki a cikinsa.